Karamomin Waliyyai da Aikin Mai Nazarin Tarihi



Akan sami ɗalibin da zai ɗauki littafin karamomin wani waliyyi, da ya ci karo da labarin abin al'ajabi sai ya rufe shi, ya ce ba tarihi ba ne. Wani kuwa sai ya haɗiye kome da kome, ba tambaya. Dukansu biyu sun yi hasara.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817. Wazirin Sakkwato Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya tattara karamominsa cikin littafin Raudul Jinan. Giɗaɗo ya zauna tare da Shehu, ya san jama'arsa ido da ido. Saboda haka, ban da karamomi, littafin ya adana sunayen mutanen da suka kewaye Shehu, waɗanda da ba don shi ba da yawansu sun ɓace.

Wannan al'ada ba ta Musulmi kaɗai ba ce. A ƙasar Ailan, can yamma da Ingila, malaman Kirista sun yi irinta tun ƙarni na 7. Adamnan, shugaban gidan ibada na tsibirin Ayona daga 679 zuwa 704, ya rubuta tarihin Kolumba, wanda ya kafa gidan, ya rasu a 597. Ya kasa littafin kashi 3, watau duban abin da zai zo, da ayyukan al'ajabi, da ganin mala'iku. Shekara wajen 100 ke tsakaninsu, don haka ya dogara ga abin da dattawa suka gaya masa da rubutun magabata. Amma a cikinsa ne masana ke gano yadda aka yi noma, da tafiyar teku, da hulɗar malamai da sarakuna a wancan zamani.

Abin lura shi ne, Adamnan dangin Kolumba ne, magajin kujerarsa, Giɗaɗo kuwa surukin Shehu ne, wazirin ɗansa Muhammadu Bello. Kowannensu yana kare martabar gidan da yake wa hidima. Wannan ba ya mai da su maƙaryata, sai dai ya wajabta wa mai nazari tambayoyi 3: wa ya rubuta, yaushe, don wa?

Irin waɗannan takardu suna nan cikin gafakar malamai a ƙauyukan Kano, har yankin Karaye da Rogo, gara da damshi na cinsu. Wajibi ne a neme su, a kwafe su, sa'an nan a karanta da ladabi da basira.