Idan Iska Ta Kifar Da Jirgi

Maganarmu ta yau ta shafi mutanen bakin Kwara da Binuwai da tafkin Kainji, da duk wanda ya kan hau kwale-kwale zuwa kasuwa ko gona.

Kun san hadarin farkon damina, watau daga Afrilu zuwa Yuni. Ya kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, kafin a ce kwabo ya iso. In kun ga gabas ta yi baƙi, ku dakata a gaɓa. Kada ku yarda a cika jirgi fiye da kima, kada kuma a tashi da dare. A watan Yuni na 2023, kusa da Patigi, mutum fiye da 100 suka halaka cikin dare ɗaya suna komowa daga biki. Wanda ya ke da rigar ruwa ya sa ta tun a tudu, ya ɗaure sosai. Babbar riga kuwa a tuɓe ta, domin ita ke naɗe hannun mutum cikin ruwa.

To, in jirgi ya kife fa? Ku riƙe wannan da kyau: kada ku rabu da jirgin. Yawancin jiragen katako, ko sun kife, ba su nitsewa ƙasa. Ku kama jikinsa, waɗansu ta wannan gefe, waɗansu ta wancan, ku ƙirga kanku, ku yi ta kira. Masu ceto sun fi saurin hango jirgi da kan mutum ɗaya cikin igiyar ruwa. Gaɓa ta kan yi kamar kusa, amma iska da gudun ruwa su kan gajiyad da gwani ma. In jirgin ya nitse, jarka wofi mai murfi, ko gora irin na masuntan Argungu, ya isa ya riƙe kan babban mutum bisa ruwa.

Kai mai ceto, kada ka faɗa ruwa ka rungumi mai nitsewa, zai danne ka ku tafi tare. Miƙa masa sanda mai tsawo, ko ka jefa masa igiya ko rawani. In a jirgi ka ke, jawo shi ta goshi ko ta bayan jirgin, don kada naka ya kife.

In an fid da shi, a kwantad da shi rigingine, a duba ko yana numfashi. Kada a rataye shi kai ƙasa, kada a danna masa ciki wai don ruwa ya fita. Wannan sai ya jawo amai ya toshe maƙogwaro. Abin da ya ke bukata iska ne, gama ƙwaƙwalwa ta kan fara lalacewa bayan kamar minti 4 zuwa 6 ba numfashi. Ka ɗaga haɓarsa, ka toshe hancinsa, ka hura masa iska baki da baki sau 5, kana ganin ƙirjinsa na tashi. In bai motsa ba, ka ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ka danna da ƙarfi da sauri sau 30, sa'an nan ka hura sau 2. Haka za ka yi ta yi, in ka gaji wani ya karɓe ka.

In numfashi ya komo, a juya shi ya kwanta a gefe ɗaya, a cire masa jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi da bargo. Kada a ɗura masa kome a baki sai ya farfaɗo sarai. Ko ya tashi ya ce garau ya ke, a kai shi asibiti ran nan, domin ruwan da ya taɓa huhu ya kan ta da tari da haki bayan 'yan sa'o'i.

Ku tambayi malamin asibitinku ya nuna muku yadda a ke dannan nan da hannu. Allah ya kiyashe mu. Sai mako mai zuwa.