Kaka a Ɗakin Karatu: Koyar da Kimiyya a Makarantun Firamare na Ɗorayi



Yaron da ya tashi a Ɗorayi ya san damina da kaka da hunturu da bazara tun kafin ya iya rubuta sunansa. Amma da zarar ya shiga aji, sau da yawa sai a buɗe masa littafi mai hoton itatuwan Ingila, ganyensu ya yi ja yana zuba, a ce masa ga abin da ke faruwa a watan Oktoba. Yaro ya haddace, ya ci jarrabawa, alhali kuwa bai taɓa ganin abin da ya haddace ba. A daidai wannan wata, dawa na nuna a gonakin bayan gari, ana tuge gyaɗa, iska ta fara juyawa, babu wanda ya ce masa wannan ma kimiyya ce.

Maganar ba sabuwa ba ce. A nan Kano aka yi taron 1965 wanda ya haifar da shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na Afirka, shirin da ya dage a kan yaro ya taɓa abu da hannunsa kafin a faɗa masa sunansa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 kuma ta ce a fara koyar da yara da harshen da suke ji. Sai dai shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa fiye da yadda aka tanadi malamai, alli da allo suka zama su kaɗai ne kayan aiki. Abin da ake bukata kuwa bai fi ƙarfin malamin Ɗorayi ba, domin kaka kan kawo kayan gwaji har ƙofar makaranta.

A fara da sanda. Malami ya sa yara su kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili, su riƙa auna inuwarta sau ɗaya a mako idan rana ta take tsaka, watau wajen ƙarfe sha biyu da minti ashirin a agogon Kano. Wajen 23 ga Satumba za su sami inuwar ba ta wuce santimita 21 ba. Kafin 21 ga Disamba ta kai kusan 71, tana nuna arewa. Kada malami ya yi gaggawar bayani. Ya bari lambobin su taru a bangon aji, har wani yaro ya tambaya da kansa me ya sa inuwar ke tsawo. Sa'an nan ne za a kawo lemo da fitila a nuna yadda duniya ta karkata, da yadda Kano take wajen digiri 12 arewa da tsakiyarta. Ma'aikacin da ke zaune a wannan ɗaki zai iya gwada abin a tsakar gidansa, kuma mai yiwuwa ne ya sha mamaki.

Itatuwa ma suna da nasu darasi, kuma ya fi na littafin Turai ban sha'awa. Kuka takan zubar da ganye idan ruwa ya ɗauke, don ta rage asarar ruwa. Gawo kuwa akasin haka yake yi: yana tsaye tsirara duk damina, sai kaka ta shigo ya yi kore shar. Manomin Hausa ya daɗe da lura da wannan, shi ya sa ba ya sare gawo a gonarsa, tun da ba ya tare wa gero rana, ganyensa kuma taki ne. Idan aka ba kowane rukunin yara itace ɗaya su riƙa zana shi daga Oktoba zuwa Janairu, za su gane da kansu cewa zubar ganye a nan ƙasar ruwa ke sarrafa ta, ba sanyi ba.

Inda Ɗorayi ta fi sauran unguwanni sa'a shi ne maƙwabtakarta da masana'antu. Iyayen yara da yawa sun yi aiki, wasu kuma suna yi har yanzu, a majemun Sharaɗa da Chalawa ko a kamfanonin Bompai. Abin da injin matsar mai ke yi, yaro zai iya ganin asalinsa idan ya murƙushe ƙwayar gyaɗa a kan farar takarda ya ɗaga ta ga haske: tabon ruwa yakan bushe, tabon mai ba ya bushewa. Daga nan hanya ta buɗe ta ba da labarin dalar gyaɗa, da yadda fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka taimaka wajen rushe ta. Haka kuma bagaruwa, wadda majema na gargajiya ke jeme fata da ita: a jiƙa ta, a jefa ƙusa mai tsatsa, ruwan zai yi baƙi, domin sinadarin da ke kama fata shi ne ke haɗuwa da ƙarfe.

Gwajin da ya fi kowane jan hankali shi ne na zoɓorodo, wanda ake tsinka a wannan lokaci. A dafa shi, a raba ruwan kofi uku. A matsa lemon tsami a na farko, jansa zai ƙara haske. A zuba jiƙaƙƙiyar kanwa a na biyu, zai rikiɗe ya yi duhu, ya doshi kore. Na uku a bar shi don kwatantawa, kuma wannan kofi na uku shi ne zuciyar darasin, ko da yake shi malamai suka fi mantawa da shi. Yaron da ya ga haka zai fahimci dalilin da ya sa ake auna ruwan da masana'antu ke zubarwa kafin ya isa kogin Chalawa, inda masu noman rani ke ban ruwa. Amma a yi hattara, kada a tura yara ɗebo ruwan magudanar majema, domin yana ɗauke da sinadarai masu cutarwa. Ruwan rijiya da na famfo da na toka sun isa.

Idan Nuwamba ta ƙare, iskar arewa maso gabas za ta taso da ƙura, wadda mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take fitowa. A shafa man shafawa a kan gilasai biyu, ɗaya a ajiye a taga, ɗaya a cikin kabad, a duba bayan kwana uku. A kuma jera randa da bokitin roba a inuwa ɗaya, yara su taɓa ruwan kowanne da azahar, su nemi dalilin da ya sa jikin randa ke naso.

Saura maganar jami'an ilmi. Duk waɗannan ayyuka ba sa bukatar ɗakin gwaji, abin da suke bukata shi ne lokaci. Darasin minti talatin ba ya isar yara masu yawa su dafa, su raba, su rubuta abin da suka gani. Ya kamata jadawalin zangon farko ya haɗa darussa biyu a jere sau ɗaya a mako, kuma sufeto idan ya zo, ya nemi ganin takardar awon inuwa a bango kafin ya nemi littafin shirin darasi.