Matsalar Samun Littattafan Tarihi da Tsadarsu a Jami'o'in Nijeriya

Gabatarwa

A farkon kowane zangon karatu malamin tarihi kan miƙa wa ɗalibansa jerin littattafan da ya wajaba su karanta, kuma shi da su duk sun san cewa mafi yawan abin da ke cikin jerin nan ba zai shigo hannunsu ba har zangon ya ƙare. Wannan takarda tana duba dalilan da suka kawo haka a sassan tarihi na jami'o'i da kwalejojin ilimi na Nijeriya, musamman na Arewa, tana kuma kafa hujja da cewa tsada, duk da nauyinta, ba ita ce babbar cutar ba, domin littattafan da aka fi bukata wajen koyar da tarihin wannan yanki sun ɓace daga kasuwa ne gaba ɗaya, ko da mai kuɗi ya fito nemansu. Gyaran wannan ɓarna kuwa yana hannun sassan tarihi da maɗaba'un jami'o'i fiye da yadda yake hannun ɗalibi ko iyayensa.

Yadda aka zo nan

Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1980 an samu bunƙasar rubutun tarihi a Nijeriya irin wadda ba a sake gani ba. Kamfanin Longman ya riƙa fitar da jerin littattafan tarihi na Ibadan a ƙarƙashin kulawar Kenneth Dike, a cikinsu ne littafin Murray Last kan Daular Sakkwato ya fito a 1967, sannan na R. A. Adeleye kan mulki da diflomasiyyar daular ya biyo baya a 1971. Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da aikin Sa'ad Abubakar kan Lamiɓɓen Fombina a 1977, da na Mahdi Adamu kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, da na Yusufu Bala Usman kan Katsina a 1981, yayin da Heinemann ta Ibadan ta buga Groundwork of Nigerian History a 1980 a madadin Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, Obaro Ikime ne editansa. Waɗannan littattafai su ne ƙashin bayan manhajar tarihi har yau, kuma a lokacin da suka fito ɗalibi yana iya shiga kantin littattafai na jami'arsa ya saye su da alawus ɗinsa.

Abin ya fara taɓarɓarewa ne da faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980, ya kuma yi muni bayan 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, wanda ya karya darajar naira ya mai da duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya fi ƙarfin mai albashi. Masana'antun takarda guda uku da ƙasar ta dogara da su, wato na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin, suka durƙushe, ya zama takarda da tawada da kayan gyaran injin duk sai an sayo da dala. Kamfanonin ɗab'i suka yi abin da ɗan kasuwa zai yi, suka koma ga littattafan firamare da sakandare masu ɗimbin masaya, suka bar littafin jami'a wanda ba ya wuce 'yan dubbai kuma yakan shekara da shekaru a kan kanta. Cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a wajajen 2009 ya ƙara tsuke kasuwar, kuma ko da yake an dawo da darasin daga baya, ba a dawo da masu buga littattafansa ba.

Rashi iri uku

Idan aka ɗauki jerin littattafan kwas guda, misali kwas ɗin Daular Sakkwato ko na tarihin tattalin arzikin Arewa, za a tarar cewa abin da ake kira rashin littafi ya kasu kashi uku, kowanne da maganinsa daban. Kashi na farko shi ne littattafan da bugunsu ya ƙare, wato waɗanda aka sayar da kwafin ƙarshe tun shekaru da dama ba a sake bugawa ba, kuma nan ne mafi yawan ayyukan da aka ambata a sama suka faɗa. Abin da ya rage daga cikinsu shi ne kwafi ɗaya ko biyu a laburare irin na Kashim Ibrahim a Zariya ko na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato ko na Arewa House a Kaduna, sai kuma wanda ke kan kantar wani tsohon farfesa wanda ya daina bayar da aro saboda abin da ya gani a baya. Kwafin laburaren ma sau da yawa bangonsa ya tafi, ɗinkinsa ya saki, babin da aka fi tambaya a jarrabawa kuma wani ya sa reza ya yanke shi, ya bar ɗaruruwan da za su zo bayansa da giɓi.

Kashi na biyu shi ne littattafan da ake bugawa a Ingila da Amurka, irin ayyukan Paul Lovejoy kan fatauci da bauta ko na Michael Watts kan yunwa da manoma a Arewa, waɗanda suna nan a kasuwa amma da kuɗin waje. Bayan da aka saki naira ga kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024. Idan aka ƙaddara littafi mai sassauƙan bango ya kai dala 30, wanda ba farashi ne mai tsauri ba a wurin maɗaba'un jami'o'in Turai, to a wancan canjin ya kama naira 45,000 ke nan kafin kuɗin aike, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, kuɗin ɗawainiya da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ke bayarwa kuma naira 20,000 ne a wata. Ɗalibin da ke ɗaukar kwasa-kwasai bakwai ko takwas a zango ba zai ma fara wannan lissafi ba, kuma babu adalci a zarge shi da ƙyuyar karatu a kan abin da malaminsa ma bai iya saye ba.

Kashi na uku ya fi ban takaici, domin shi ne binciken da aka yi a gida, da kuɗin gida, amma bai taɓa zama littafi ba. Kundayen digirin digirgir da aka rubuta a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri a kan masarautu da garuruwa da sana'o'i suna jibge a ɗakunan ajiya, mai bukata sai ya yi tattaki ya zauna ya kwafa da hannu. Kundin Mahmud Modibbo Tukur kan yadda Turawan Ingila suka kafa mulkinsu a Arewa misali ne da ya isa: an kammala shi a 1979, marubucin ya rasu a 1988, amma bai fito a matsayin littafi ba sai 2016, kuma kamfanin Amalion na Dakar ne ya fitar da shi, ba wata maɗaba'a ta Nijeriya ba. A gefen wannan akwai ayyukan masanan Nijar, irin na Djibo Hamani kan Adar da na André Salifou kan Damagaram, waɗanda suka shafi tarihin ƙasar Hausa kai tsaye amma shingen Faransanci ya raba su da ɗalibin Katsina ko na Daura da ke nesa kaɗan da wuraren da ake magana a kansu.

Abin da ya maye gurbin littafi

Hausawa sun ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, kuma uwar ɗakin ɗalibin tarihi ita ce handawut, wato taƙaitaccen bayanin da malami ke shiryawa a 'yan shafuka, da kuma fotokwafin babi ɗaya ko biyu da wakilin aji ke karɓa ya kai shagon kwafi a tara kuɗi a buga. Jami'o'i da dama sun hana sayar da handawut saboda cin zalin da ya shigo cikinsa, amma hanin bai kawo littafi ba, sai dai handawut ɗin ya sauya kama ya koma fayil da ake turawa a WhatsApp. Fotokwafin kuwa yakan zama kwafin kwafi ne na wani kwafin, haruffa sun dushe, gefen shafi ya yanke, taswira ta zama baƙin tabo, babu shafin farko da zai nuna sunan marubuci da shekarar bugu, kuma bayanan madogara da ke ƙarshen littafi ba a haɗa da su ba saboda kowane shafi kuɗi ne.

A nan ne ɓarnar ta fi tsanani ga tarihi fiye da wasu fannoni, domin tarihi a matakin jami'a ba haddar abin da ya faru ba ne, koyon auna hujja ne, wato sanin wane ne ya faɗi magana, a wane zamani, bisa wace madogara, kuma wa ya saɓa masa. Jihadin 1804 ya isa misali. Marubutan zamanin mulkin mallaka sun fi kallonsa a matsayin rinjayen Fulani a kan Haɓe, Murray Last ya gina nasa bayanin ne a kan rubuce-rubucen Larabci na shugabannin jihadin da takardun gidan Wazirin Sakkwato, Yusufu Bala Usman kuma ya yi fatali da ma'aunin ƙabila ya nemi bayani a cikin sauye-sauyen al'umma da tattalin arziki da tsarin sarauta. Haka nan maƙalar Abdullahi Smith ta 1970 kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa ta girgiza dogaron da aka yi da labarin Bayajida a matsayin bayanin asalin sarautun Hausa. Ɗalibin da ya karanta waɗannan da kansa zai ga yadda masana ke jayayya da yadda ake kafa hujja a rushe wata, wanda kuwa aka ba shi su a shafi biyu zai fita da jerin dalilai biyar na jihadi da zai zuba a takardar jarrabawa, ya sami digiri bai taɓa bin wata magana zuwa tushenta ba. Irin wannan ɗalibi ne gobe zai koyar a sakandare, shi ne kuma zai rasa abin cewa idan aka yaɗa ƙaryar tarihi a Facebook.

Intanet ta rage wani ɓangare na wahalar, kuma bai kamata a raina ta ba. Juzu'ai takwas na Tarihin Afirka da hukumar UNESCO ta ɗauki nauyi suna nan kyauta a shafinta, rumbun mujallu na JSTOR ya buɗe ƙofarsa ga cibiyoyin ilimi na Afirka tun 2006, kuma mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya tana cikinsa. Sai dai ɗalibai da yawa ba su san jami'arsu tana da wannan dama ba, wanda ya sani kuma yana fama da kuɗin data da rashin wuta da karatun shafi ɗari huɗu a fuskar waya. Ban da haka, littattafan kashi na farko da kundayen kashi na uku, waɗanda su ne suka fi kusa da tarihin gida, su ne suka fi ƙaranci a intanet ta halastacciyar hanya.

Abin da za a iya yi

Mataki mafi sauƙi shi ne malamai su daina bayar da jerin littattafai talatin da babu mai ganinsu, su tsaya a kan uku ko huɗu da suka tabbatar suna samuwa, su kuma tabbatar laburare ya ware kwafinsu a sashen da ba a fita da littafi, inda ake karantawa na 'yan sa'o'i a mayar. Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi, yana bukatar shugaban sashe da ma'aikacin laburare su zauna tare kafin zango ya fara, abin da ba kasafai ake yi ba.

Babban aikin shi ne sake bugu. Sassan tarihi na jami'o'in Arewa, idan suka haɗu, za su iya fitar da jerin littattafai ashirin ko talatin da kowa ya yarda su ne ginshiƙi, a nemi izinin marubuta ko magadansu da kamfanonin da ke riƙe da haƙƙin mallaka, sannan a raba aikin tsakanin maɗaba'un jami'o'i a buga su a takarda mai sauƙin kuɗi, tare da kwafin lantarki da ɗalibi zai sauke ta laburarensa. Sake buga littafin Murray Last da kamfanin Premium Times ya yi a 'yan shekarun nan ya nuna cewa izinin yana samuwa kuma masaya suna nan. Kuɗin ma akwai inda za a nema, domin asusun TETFund yana da kason bunƙasa laburare da na wallafa littattafai, sai dai an fi karkatar da hankali ga sababbin rubuce-rubuce, waɗanda ke taimaka wa malami wajen ƙarin girma, a kan tsofaffin da ɗalibi ya fi bukata. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta bai wa laburare da harkar koyarwa wasu sassauci, kuma ya dace lauyoyin jami'o'i su fayyace wa sassa iyakar abin da ya halatta, domin a fita daga halin da ake ciki na kwafin da ba izini, wanda bai amfani marubuci ba bai kuma wadatar da ɗalibi ba.

Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta, kuma ga sassan tarihi na Arewa wannan kaso ba zai cika ba sai da kundayen da ke jibge da kuma littattafan Hausa da na Larabci irin su Tarihin Fulani na Waziri Junaidu da Kano ta Dabo Cigari na Abubakar Dokaji da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Saboda haka ana kira ga Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya da shugabannin sassan tarihi da su kafa kwamitin da zai fitar da jerin littattafan da za a sake bugawa da kundayen da za a mayar littattafai, su miƙa shi ga TETFund da maɗaba'un jami'o'i a rubuce, tun marubutan da suka rage da magadan waɗanda suka rasu suna kusa da za a iya neman izininsu.