Ɗan Gida Da Baƙo A Ƙofar Jami'a

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiya



Muna godiya ga Kwamitin Ilimi da ya ga dacewar ba mu wannan dama, duk da cewa mun daɗe da ajiye alli. An bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kai, kuma ba mu sha wahalar zaɓe ba, domin akwai wani al'amari da ya faru a gidan wani tsohon ɗalibinmu wanda har yau bai fita daga ranmu ba. Da izininsa za mu kawo shi a nan, ba tare da ambaton suna ba.

Wannan bawan Allah ya yi karatu a Amurka, a can kuma aka haifa masa ɗansa na fari. Yaron bai cika shekara biyu ba suka dawo gida, ya tashi a Kaduna, ya yi firamare da sakandare a nan Nijeriya, amma yana riƙe da fasfon Amurka. Da ya gama sakandare sai ya nemi wata jami'ar gwamnatin jihar Teksas, aka ɗauke shi. Uban ya duba kuɗin da aka rubuta wa 'yan jiha, ya yi lissafi, ya sayar da fili guda, ya ga abin zai yiwu. Sai da takardar biyan kuɗi ta iso, saura 'yan makonni a fara karatu, aka ga ashe a layin baƙi aka sa yaron, kuɗin kuwa ya ninka abin da aka tanada fiye da sau biyu. Uban ya zo ya same mu a zaure, ya ce, "Malam, yaya za a yi a ce ɗan ƙasa baƙo ne a ƙasarsa?" Amsar wannan tambaya ita ce jawabinmu na yau, domin a zauren nan akwai masu 'ya'ya da jikoki a Amurka, akwai kuma masu niyyar turawa.

Dalilin da ya sa kuɗin ya kasu biyu

Amurka jihohi 50 gare ta, kuma manyan jami'o'in gwamnati na jihohi ne, ba na tarayya ba. Jiha na tallafa wa jami'o'inta daga harajin da mazaunanta ke biya, saboda haka take rangwanta wa 'ya'yansu, ta caji wanda ya zo daga wata jiha ko wata ƙasa cikakken kuɗi. Cibiyar College Board, wadda ke tattara waɗannan alƙaluma duk shekara, ta nuna cewa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 matsakaicin kuɗin makaranta a jami'ar jiha dala 11,610 ne ga ɗan jiha, ga baƙo kuwa dala 30,780. Mu da muka koyar da lissafi ba ma barin lamba ta wuce ba mu ɗebe ba: bambancin dala 19,170 ne a shekara, a shekara huɗu kuwa dala 76,680. Ban da abinci da wurin kwana ke nan. Kowa ya juya wannan zuwa naira a zuciyarsa, ya ga fili nawa ne.

Ma'aunin da ake awo da shi

Inda tsohon ɗalibin namu ya yi tuntuɓe shi ne, ya ɗauka zama ɗan ƙasa da zama ɗan jiha abu ɗaya ne. A can kuwa ba a tambayar inda aka binne cibiyarka ko inda kakanka ya fito. Zama ake dubawa. Kowace jiha da dokarta, amma galibi abubuwa huɗu ake aunawa.

Na farko, zama a zahiri. Yawancin jihohi na neman mutum ya yi wata 12 cur a cikin jihar kafin ranar da jami'a ta tsayar. Jami'ar Kalifoniya ma kwana 366 take ƙirgawa, wato shekara guda da kwana ɗaya.

Na biyu, niyya. Dole mutum ya nuna cewa ya mai da jihar gida, ba karatu kaɗai ya kawo shi ba. Da yake ba a ganin zuciya, sai a duba takardu: lasin tuƙi na jihar, rajistar mota, yarjejeniyar hayar gida da sunansa, takardun albashi, da shaidar biyan haraji. A yawancin jihohi, watannin da ɗalibi ya yi yana karatu kawai ba sa isa hujja.

Na uku, wanda ke ɗaukar nauyin ɗalibi. Yaron da iyayensa ke ciyarwa, matsayin iyayen yake bi. Idan suna Kaduna, shi ma a idon jami'a baƙo ne, ko da fasfo goma gare shi. A Jami'ar Kalifoniya, ɗalibin digiri na farko da bai kai shekara 24 ba, wanda iyayensa ba mazauna jihar ba ne, sai ya tabbatar da cewa shi yake riƙe da kansa, abin da ba kasafai yaro ɗan shekara 18 ke iyawa ba. A nan ne al'adarmu da tasu suka saɓa. A wurinmu ɗan wa ɗa ne, wanda ke hannun baffansa ɗan gidan ne. Dokarsu ba ta san riƙo irin namu ba, sai wanda kotu ta tabbatar.

Na huɗu, irin izinin da mutum ya shiga ƙasar da shi. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya neman matsayin ɗan jiha. Amma wanda ya shiga da bizar ɗalibi, wato F-1, tun a ofishin jakadanci ya amince cewa gidansa na nan Nijeriya kuma zai dawo, don haka ba zai juya ya ce Teksas ce gidansa na har abada ba. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ɗaliban Nijeriya a Amurka sun kai 20,029, kuma wannan ƙa'ida ta shafi mafi yawansu.

Neman a sauya matsayi

Wanda aka sa a layin baƙi ba lalle ne ya dawwama a nan ba. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Vlandis da Kline, ta soke wata dokar jihar Connecticut wadda ta ce duk wanda ya nemi jami'a daga wajen jihar baƙo ne har ya gama karatu. Kotun ta ce dole a ba ɗalibi damar kawo hujjarsa. Sai dai tun a 1971 ta bar wa jihar Minnesota sharaɗinta na jiran shekara guda. Ke nan jiha na da ikon cewa a jira, amma ba ta da ikon toshe kunne gaba ɗaya.

Matsayi ba ya sauya kansa. Ɗalibi ne zai cike takardar neman a sake duba matsayinsa, ya haɗa da hujjoji, ya miƙa ga jami'in da ke kula da wannan sha'ani, yawanci a ofishin rajistara, kafin wa'adin zangon ya cika. Wanda ya makara da kwana ɗaya sai ya biya kuɗin baƙi na wannan zango, kuma galibi ba a mayar da na baya. In an ƙi, akwai damar ɗaukaka ƙara a cikin jami'ar.

Akwai kuma wasu ƙofofi na halal. A Teksas, wanda ya zauna wata 36 a jihar kafin ya gama sakandare a can, da wata 12 kafin shiga jami'a, yana samun matsayin ɗan jiha. Tun 2001 wannan hanya ta haɗa har da yaran da ba su da takardun zama, amma a watan Yuni na 2025 wata kotun tarayya ta dakatar da ita a kansu. Wannan ya isa ishara cewa dokokin suna sauyawa, labarin da wani ya ba ka shekara biyar da suka wuce ba abin dogaro ba ne. Haka zalika dokar Teksas ta ba jami'o'in jihar damar karɓar kuɗin 'yan jiha daga baƙon da ya ci gasar tallafin karatu na aƙalla dala 1,000, ko da ɗan wata ƙasa ne. Guraben kaɗan ne, amma yaro mai ƙwazo ya kamata ya tambaya.

To, yaya aka ƙare da yaron namu? Masu ba da shawara sun yi yawa. Wasu suka ce a rubuta cewa ya daɗe a gidan baffansa da ke Houston, wa zai sani? Muka ce wa uban, ramin ƙarya ƙurarre ne. Jami'a na da takardar sakandaren yaron ta Kaduna a hannunta. Wanda aka kama da bayanin ƙarya zai biya duk bambancin kuɗin, yana iya rasa gurbinsa, yana iya fuskantar shari'a. Bari ma mu ƙara da wani gargaɗi: rajistar zaɓe na cikin hujjojin da ake lissafawa, amma ta 'yan ƙasa ce kaɗai. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya kuskura ya yi ta, yana iya jawo wa kansa kora daga ƙasar. Daga bisani yaron ya ɗage shiga jami'a da shekara guda, ya kama aiki a wani kanti, ya kama ɗaki da sunansa, ya riƙe kansa da guminsa, ya adana kowace takarda. Da shekara ta zagayo aka karɓe shi a matsayin ɗan jiha. Ya yi asarar shekara, ya sha sanyi da kaɗaici. Da an yi tambaya tun yana aji biyar na sakandare, da an tsara abin cikin natsuwa.

A nan gida

Kada wanda ba shi da kowa a Amurka ya ce wannan magana ba tasa ba ce. Mu ma muna da ɗan gida da baƙo a jami'o'inmu, sai dai ma'aunin namu a juye yake. Can zama ake dubawa, nan asali. Sashe na 318 na Tsarin Mulkin 1999 ya danganta zama ɗan jiha da kasancewar ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni daga al'ummar da ke da asali a jihar. Jami'o'in jihohi da dama na karɓar kuɗi biyu, na 'yan asali da na waɗanda ba 'yan asali ba, tallafin karatu na jiha ma sai da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, wadda aka fi sani da indijin. A jami'o'in tarayya kuwa, ƙa'idar rabon gurabe ita ce kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin zamani.

Ku dubi halin da 'ya'yanku na birni ke ciki. An haifi yaro a Legas ko Fatakwal, ubansa ya shekara 30 yana biyan haraji a can, amma ranar shiga jami'ar jihar baƙo ne. Ya taho nan neman takardar asali, mai unguwa bai taɓa ganinsa ba, shi kuma bai san sunan kakansa na biyu ba. Mun sha ganin irin waɗannan yara a bakin sakatariya, saura kwana biyu a rufe tantancewa, ana neman wanda zai shaide su. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Gaskiya kuma ɗaya ce. Yadda muke jin zafi in an kira ɗanmu baƙo a garin da aka haife shi, haka wasu ke ji a garin nan. Mun koyar da 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda aka haifa a nan, ba su san wani gari ba, Hausarsu ta fi ta wasu 'ya'yanmu na birni. Ba Ƙungiya ce za ta gyara Tsarin Mulki ba, amma muna da wakilai a majalisa, ya kamata su ji daga bakinmu cewa wanda ya daɗe da zama da mutane lafiya yana da haƙƙi a kansu.

Shawarwari

Na ɗaya, duk mai niyyar tura yaro Amurka ya fara bincike shekara biyu kafin lokaci. Ya karanta ƙa'idar jami'ar da kansa, ya rubuta wa ofishinsu, ya ajiye amsar a rubuce. Ya yi kasafinsa a kan kuɗin baƙi har sai ya ga akasin haka a takarda.

Na biyu, 'yan uwanmu mazauna Amurka su taimaka da sahihin bayani da masauki, amma kada kunya ta sa su ba da aron adireshi.

Na uku, kowane uba ya kawo 'ya'yansa gida ko da sau ɗaya a shekara, ya kai su gaisuwa wurin mai unguwa da dagaci, ya karɓar musu takardar asali tun suna ƙaramar sakandare. Ya tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a takardar haihuwa, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da fom ɗin JAMB, domin tun 2021 ba a rajistar jarrabawar sai da wannan lamba.

Na huɗu, Kwamitin Ilimi ya buɗe littafin rajistar 'ya'yan 'yan Ƙungiya na kowane reshe, a ajiye kwafi a fadar Hakimi, domin ranar da yaro ya zo neman shaida a buɗe a ga sunansa da na gidansu.

Kammalawa

Jama'a, mun yi shekaru muna gaya wa yara su karanta tambaya kafin su ɗora alƙalami. Yau iyaye muke gaya wa haka. Yaro na iya cin jarrabawa da kyau, takarda guda da ba a nema a kan lokaci ba ta tsayar da shi a bakin ƙofa, laifin kuwa ba nasa ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ɗaukaka garinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.