Gonar Bene da Gonar Gado: Wa Zai Biya Kuɗin Rana?



Abin da ya tara mu yau shi ne noman nan da ake yi cikin rufaffen gini, inda ake jera shuka hawa bisa hawa, ba ƙasa, ba rana, sai ruwan taki da hasken fitilu. Farfesa Dickson Despommier na Jami'ar Kolumbiya a Amurka ya yayata shi da littafinsa na 2010. Masu yabonsa sun ce ba ya cin fili, ba ya ɓarnar ruwa, kuma ba ruwansa da fari ko fara. Ba mu musa ba. Tambayarmu ta lissafi ce.

Ƙaramin manomi, da fartanyarsa da takin dabbobinsa, kyauta yake samun rana. Mai gonar bene kuwa sayen ta yake yi: kuɗin lantarkin fitilu, da na sanyaya ɗaki, ga bashin gini, ga albashin ƙwararru. Shi ya sa ba ya shuka sai latas da ganyaye masu tsada. Gero da dawa da alkama, waɗanda su ne cimar talaka, ba za su mayar da kuɗin wuta ba.

Da wuta ta yi tsada a Turai a 2022, kamfanin Infarm na Jamus ya sallami wajen rabin ma'aikatansa. A Amurka, AeroFarms ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2023, Bowery kuma ya rufe a 2024. Alhali binciken masanan Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna gonakin da ba su kai kadada biyu ba su ke samar da wajen sulusin abincin duniya.

Ba mu ce dabarar banza ce ba. Singafo, wadda ke sayo sama da kashi 90 cikin 100 na abincinta daga waje don ƙarancin fili, tana da hujjar gwada ta. Mu kuwa Allah ya hore mana fili da rana. Lantarki da jari ne suka yi mana ƙaranci. Mai tumatir a Kadawa ba bene ya rasa ba, hanya ya rasa, da wurin adana, da kasuwa mai tabbas.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu zauna a ma'aikatu muna sa hannu kan kwangila. Ran da aka kawo mana takarda mai hotuna masu ƙyalli, mu tambaya: kuɗin nan, injin ban ruwa nawa zai saya wa manoman fadama? Daidai ruwa, daidai tsaki.