Jinyar Ƙarshe a Gidan Yari



A jihar Luwiziyana ta Amurka akwai wani makeken gidan yari mai suna Angola, inda dubban mutane ke zaman ɗaurin rai da rai. Can suke tsufa, can kuma ciwon daji ko ciwon huhu ke kwantar da su. A ƙarshen shekarun 1990 aka ware ɗakuna domin waɗanda likita ya ce babu sauran magani sai rage raɗaɗi.

'Yan uwansu fursunoni ne ke jinyar. Su ke yi wa majinyaci wanka, su juya shi a gado, su jiƙa masa leɓe idan haɗiya ta gagara. Da zarar numfashi ya fara sarƙewa, sai su riƙa karɓa-karɓa a gefen gadonsa dare da rana, don kada ya cika babu kowa kusa. Akwatin gawar ma su ke haɗawa.

Wani zai ce da irin wannan fursuna, wa ya aike shi? Haƙƙin waɗanda ya zalunta kam yana wuyansa. Amma ɗauri alƙali ya yanke masa, ban da azabar ciwo.

A Najeriya, sashe na 175 da na 212 na tsarin mulkin 1999 sun ba shugaban ƙasa da gwamnoni ikon yin afuwa. Muna roƙon gwamnoninmu su nemi sunayen fursunonin da ciwonsu ya kai gargara, su sallame su, su je su ƙarasa a hannun danginsu.