Yadda A Ke Ta Da Babur Da Sanyin Safiya

Yau zancenmu a kan babur ne, tsohon babur mai kafireta, da wani ɗan maɓalli nasa da a ke kira cok.

Kun sani a watan Disamba da Janairu, lokacin hunturu, babur ya kan ƙi tashi da safe. Mai shi ya yi ta buga kik har ya yi gumi. To, ga dalili.

Inji ba ya ƙona fetur shi kaɗai, sai an gauraya shi da iska. Kafireta ce ke wannan aiki, kamar yadda mace ke dama fura. In an auna nauyi, iska wajen kashi 15 ce, fetur kashi 1. Amma in inji ya yi sanyi, fetur ba ya zama tururi da sauri. Sai ya maƙale a jikin ƙarfe, abin da ya isa ciki ya zama tsararo, fulogi ya kasa kunna shi.

In ka ja cok, ya kan toshe hanyar iska, a wani babur kuwa ƙarin fetur ya ke sakowa. Ko ta yaya dai, damun ya yi kauri.

Ga yadda za ka yi. Ka buɗe famfon mai. Ka sa giya a firi, ka murɗa makulli. Ka ja cok, ka buga kik, kada ka murɗa totur da yawa. In ya tashi, ka mai da cok rabi. Bayan kamar minti ɗaya, in ka ji ƙarar inji ta daidaita, ka mai da shi duka.

Kada ka manta da wannan na ƙarshe. Wanda ya tafi da cok a jaye, mai zai ƙare masa da wuri. Baƙin hayaƙi zai fito, fulogi ya yi baƙi. Fetur kuma zai wanke baƙin man da ke kare cikin inji, inji ya ci kansa. Kuɗin gyara ya fi kuɗin mai nesa.

In inji na da zafi, ba ya bukatar cok. In kuwa mai ya yi masa yawa har ka ji warinsa, ka mai da cok, ka buɗe totur duka, ka buga kik sau da yawa. Babur ɗin da ba ya tafiya sai da cok ko da rana tsaka, ya kamata bakanike ya duba kafiretarsa.

Saura magana ɗaya, ita ce babba. Kada ka ɗumama babur cikin zaure ko ɗaki a rufe. Cikin hayaƙinsa akwai guba wadda ba a gani, ba ta da wari, tana kuwa kisa. Ka fito da shi fili tukuna.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya kiyaye hanya, amin.